Na kai wa mai gyaran rediyo aikin da ba na rediyo ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da fiziks a wata sakandare a Kano, kuma duk shekara idan muka iso babin sauti da girgiza sai in ji kamar cin amanar yara nake yi. In zana layi mai lanƙwasa a allo, in ɗiga alli in ce nan wurin ba ya motsi, in matsa gaba in ce nan kuma motsi ya fi ƙarfi. Su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su dawo mini da kayana yadda na ba su. Amma ka ce wa yaro ya nuna maka abin a wani wuri da ba allo ba, sai ya hau sosa ƙeya.

Shi ya sa bara da hunturu na ɗaura niyyar haɗa abin da ake kira farantin Chladni. Ba wani abu ne mai wuyar bayani ba. Fallen ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, a kafa shi a kan abin da zai girgiza shi, a barbaɗa masa yashi. Idan saurin girgizar ya zo daidai da wanda farantin yake so, sai wasu sassansa su riƙa tsalle sama da ƙasa, wasu layuka kuma su tsaya cik. Yashi ya gudu daga inda ake wurgi da shi ya taru a inda babu motsi, sai ga zane ya fito kamar an yi shi da hannu. Na kamfani akwai shi, na gani a intanet, amma farashinsa da kuɗin kawo shi sun fi ƙarfin albashina, makaranta kuwa ko ban tambaya ba na san amsar da za a ba ni. Hanyar talaka ita ce lasifika.

Da kaina na fara. Na cire lasifikar wata tsohuwar rediyo, na liƙa mata murfin gwangwanin madara da gam, na jona. Ya yi kamar minti biyu yana karkarwa, ya ɓalle ya faɗi ƙasa, takardar lasifikar ma ta yage. Na ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi, na nufi Sabon Gari.

Ba zan faɗi sunan mutumin ba, ba kuma zan kwatanta rumfarsa yadda za a gane ta ba, domin ina da yabo ina kuma da ƙorafi. Dattijo ne mai furfura a gemu, gilashin idonsa ɗaure da waya a gefe guda. Rumfar ba ta fi ɗakin wanka girma ba, cike take da lasifikun masallatai, da na masu kiɗan biki, da na 'yan A Daidaita Sahu, an rataye wasu an jibge wasu. Warin dalma da na gam ne ke fara tarbar mutum. Sana'arsa ta ainihi ita ce naɗa koyil, wato idan siririyar wayar jan ƙarfen da ke cikin lasifika ta ƙone, ya warware ta ya naɗa sabuwa da hannu. Wani abokin aikina da ya taɓa kai masa lasifikar masallacin unguwarsu ne ya turo ni wurinsa.

Na yi masa bayani sau biyu, na nuna masa bidiyo a waya. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ɗago.

"Malam, wato lasifikar da ba a son ta yi ƙara kake nema?"

Na ce haka ne, Baba, motsinta nake so.

"Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, kowa ƙara yake zuwa nema. Yau ga wanda ya zo a rage masa."

A nan na fara gane cewa ban ɓata hanya ba. Ni da niyyar sayen sabuwar lasifika na zo, shi ya hana ni. Ya laluba ƙarƙashin teburinsa ya zaro wata tsohuwar ta mota mai inci takwas, takardarta a yage amma koyil ɗinta lafiya. Ya ce takardar nan mai siffar mazurari iska take turawa, ita ce mai kawo ƙara, ni kuwa ba iska nake son turawa ba. Ya ɗauki reza ya yanke mata tagogi huɗu, ya bar ƙafafu huɗu sirara don koyil ya ci gaba da zama a tsakiya. Naira 6,000 ya sa mata, ban yi ciniki ba.

Abin da na zauna na kalla da idona, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi banza ba, shi ne yadda ya kafa sandar da farantin zai hau. Ya ɓare ɗan murfin da ke tsakiyar lasifikar, ramin koyil ya bayyana. Tsakanin koyil da ƙarfen maganaɗisun da ke cikinsa akwai ɗan rata da bai kai kaurin farce ba, in koyil ya karkace kaɗan sai ya riƙa gogar ƙarfen. Baba ya ɗauko tsohon fim ɗin hoton ƙashi irin na asibiti, ya yayyanka shi sirara-sirara, ya soka guda huɗu cikin ratar nan suka riƙe koyil ɗin tsaf. Sannan ya yanko guntun bututun roba na famfo daidai bakin koyil, ya kwaɓa gam ɗin nan mai kwalba biyu, ya liƙa. Ya ce kada a taɓa sai gobe. Da ya bushe ya zare fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe bututun da murfinsa wanda ya riga ya huda ya zura masa bol, wato ƙusa mai zare da ake ɗaurewa da noti, mai milimita 6 yana kallon sama. Ya sa yatsa ya danna bol ɗin ya saki, ya kara kunne. Babu ko ƙis na guga. Babu bidiyon da na kalla da ya nuna wannan dabara ta fim.

Akwai kuma abin da ya hango ni ban hango ba. Ya tambaye ni wane yashi zan zuba. Na ce na gini mana, in tankaɗe. Ya aiki yaronsa ya ɗebo masa ɗan yashi a bakin hanya, ya tsoma wani guntun maganaɗisu a ciki ya ɗago, sai ga baƙin gari ya manne masa kamar gashin baki. Ya ce wannan idan ya zubo daga faranti, maganaɗisun lasifika zai zuƙe shi cikin ratar, daga nan kuma sai dai a nemi wata. Saboda haka ya yanko murfin bokitin fenti ya huda tsakiyarsa ya yi wa lasifikar rumfa, bol ɗin kaɗai ya leƙo, ya kuma ce in riƙa bi ta kan yashina da maganaɗisu kafin in yi amfani da shi.

Inda muka fara samun saɓani shi ne wajen amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga lasifika. Ya so ya sayar mini da wata ƙatuwa da aka rubuta wat dubu a goshinta. Ni da shi duk mun san wannan rubutu ado ne. Na ce a'a, ƙaramin allon amfilifaya mai ɗauke da cif ɗin da ake kira TPA3116 nake so, wanda ke iya ba da wat 50 a kowane ɓangare, kuma yana aiki da cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19, wadda dama ina da ita ajiye a gida. Ya ɗan ɓata rai, amma ya samo. Sai dai mai Bluetooth ya kawo mini, ni kuwa mai zaren jonawa na ce. Duk lokacin da aka kunna sai muryar matar nan ta yi sanarwarta da iyakar ƙarfi, faranti ya zabura, yashi ya watse. Da na yi magana ya ce wannan ce ake yayi. Sai da na nace sannan ya sanya mata wurin jona waya. Naira 9,500 na biya, ladan aikinsa kuma 7,000.

Sai maganar lokaci. Kwana uku ya ce mini. Kwana goma sha ɗaya na yi ina sintiri daga unguwarmu zuwa Sabon Gari, kuɗin abin hawa kaɗai ya kusa sayen wata lasifikar. Yau babu wuta, gobe an kawo aikin gaggawa na masallacin Juma'a, jibi yaronsa ya tafi da makulli. Ba na cewa ƙarya yake yi, na ga lasifikun masallacin da idona. Amma da ya ce mini mako biyu tun farko, da na tsara darasina daidai da haka, maimakon in gama babin a allo kamar kullum sannan kayan aiki su iso.

Babban kuskurensa kuwa farantin ne da kansa. Ya yanko shi daga jikin wata tsohuwar na'urar wanki da almakashin ƙarfe. Gefunan suka lanƙwashe, ramin tsakiya ya kauce da kusan rabin santimita. Da muka gwada, yashi sai ya riƙa gangarewa gefe guda yana zubewa, zanen da ya ɗan fito ma a karkace yake kamar hular da aka zauna a kai. Na ce masa wannan ba zai yi ba. Ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne. A sauti ya fi ni nesa ba kusa ba, amma a nan ya yi kuskure, domin zanen yana bin siffar farantin ne, in kusurwa ɗaya ta fi 'yar'uwarta nauyi ko tauri, layukan ma sai su goce. Na ɗauki ƙafa na je wurin masu ƙofofi da tagogin alminiyam, suka yanka mini murabba'i mai santimita 25 kowane gefe, kaurin milimita ɗaya, da injin yanka. Na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa na sami tsakiya da kaina, aka huda a gabana. Na fesa masa baƙin fenti shafi ɗaya tak, don farin yashi ya fito. Naira 3,000 duka.

Ranar da na koma da shi bayan la'asar ce. Muka ɗaura shi tsakanin noti biyu da washa, muka daidaita shi da ɗan ma'aunin magina mai ruwa a ciki. Na buɗe manhajar wayata da ke fitar da sauti guda tsantsa, wadda ke nuna sau nawa ake girgiza a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Yashin kuwa na tankaɗe shi da rariyar garin uwargida, maganar da har yau ba ta wuce ba a gidanmu.

Na fara daga 50 ina hawa a hankali. Shiru, yashi na ɗan rawa a inda yake. Da na haura 90 sai farantin ya ɗauki wani gurnani, gefunansa suka dushe a ido saboda sauri, yashin ya yi ta tsalle kamar ana tuyar gyaɗa, kafin in ƙirga biyar ya taru ya zama zobe guda a kewayen tsakiya. Yaron shagon ya ja da baya yana a'uziyya. Baba ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga ya mayar.

"Malam, sake."

Na share na sake barbaɗawa, zoben ya dawo inda yake. Na ci gaba da hawa. Wajen 250 wani zanen ya fito, kusa da 500 wani daban mai ɗakuna-ɗakuna, kuma duk sanda aka ƙara sama layukan sai su ƙara yawa da sirancewa, har suka fara kama da aikin da ake yi a wuyan babbar riga. Tsakanin zane da zane kuwa babu komai, yashi ya zauna abinsa. Kafin mu ankara mai shayi da masu shagunan gefe sun cika bakin rumfa. Wani ya ce ai wannan bakace ne, haka mata ke kaɗa faifai tsaki ya ware gefe guda. Bai yi nisa da gaskiya ba.

Ba a daɗe ba Baba ya ƙwace aikin daga hannuna. Ya ce in riƙa hawa, shi zai gaya mini inda zan tsaya. Ya ɗora ɗan yatsa a kan katakon da lasifikar ke zaune, ya rufe ido, ya ce "nan". Sau huɗu yana faɗa kafin yashi ya motsa, sau huɗu yana dacewa. Daga baya ya taɓa gefen farantin da farce yana cikin rawa, sai layin yashi ya taso ya zo ya sami farcen. Na ce masa abin da ya yi yanzu shi ne ainihin abin da mai abin ya riƙa yi. Ernst Chladni Bajamushe ne, an haife shi a Wittenberg a 1756, lauya aka so ya zama, ya karanta shari'ar ma, amma zuciyarsa na wajen sauti. A zamaninsa babu lasifika. Farantin tagulla yake kafawa, ya danne wasu wurare da yatsu, ya goga gefensa da bakan goge irin na Turawa, ya kuma buga zanukan da ya samu a littafi a 1787. Baba ya ce ashe ɗan sana'a ne.

A nan kuma na gano wani laifi da na so in ɗora masa alhali nawa ne. Zanen da na fi gani a littattafai, mai layuka biyu da suka gitta juna a tsakiya, ya ƙi fitowa, har na fara zargin gam ɗinsa. Da na zauna na yi tunani sai na ji kunya. Chladni tsakiyar farantinsa yake ɗaurewa, saboda haka tsakiya ba ta motsi, layin yashi na iya ratsa ta. Mu kuwa daga tsakiyar muke turo girgizar, ta yaya yashi zai zauna a wurin? Na sa aka huda rami na biyu a gefe kaɗan, muka ɗaura ta nan, sai ga wasu zanukan da ba mu gani ba da farko.

Na gwada abin barbaɗawa iri-iri. Gishiri ya fi komai kyau a hoto, amma da damina ta shigo ya jiƙe ya dunƙule. Yashin da aka tankaɗe shi ne abin dogaro. Garin masara kuwa abin mamaki ya yi: maimakon ya tafi layukan da ba sa motsi, sai ya tattaru ƙulli-ƙulli a daidai inda motsi ya fi ƙarfi. Michael Faraday ya yi bayanin wannan tun 1831, cewa iskar da farantin ke kaɗawa ce ke kwasar gari marar nauyi ta tara shi a can. Yanzu nakan haɗa yashi da gari in barbaɗa tare, yara su ga sun rabu kowa ya kama gabansa.

Mako biyu da fara aiki da shi a makaranta, na bar shi yana gurnani a ƙasa-ƙasa da ƙarfi kusan minti goma ina amsa tambayoyi. Sai wari. Koyil ya ƙone. Na koma da fushina, na ce aikinsa bai yi ƙarko ba. Bai ɗaga murya ba. Ya shinshina lasifikar ya ce, "Malam, waƙa tana numfashi, ta yi sama ta yi ƙasa, koyil ya samu ya huce. Wannan kukan naka ba ya numfashi." Gaskiyarsa ne. Amma ni ma ina da tawa gaskiyar, tunda ya san haka, me ya hana shi gaya mini ranar da na karɓa? Muka daidaita a rabin kuɗin naɗi. Wannan karon ya jona ƙwan fitilar mota a kan hanyar wutar da ke shiga lasifikar. In ƙarfi ya yi yawa sai zaren ƙwan ya yi zafi ya rage wutar da ke wucewa, ya kuma yi ja, ka san lokacin sassautawa ya yi. Tun daga nan ban sake jin wari ba.

Wanda zai yi irin wannan ya sani, duk da tagogin da aka yanke, abin yana da ƙara. Daga Hz 1,000 zuwa sama wani tsinin sauti ne mai shiga haƙori, malamin ajin da ke maƙwabtaka da ni ya zo ya yi mini magana sau biyu. Nakan sassauta, in kuma taƙaita, ba na wuce rabin minti a kan zane guda. Sannan a kashe layin waya kafin a fara. Ana tsakiyar darasi aka taɓa kirana, karatun da na sa a matsayin ƙarar kira ya fito ta faranti, yashi ya tashi har kan 'yan layin gaba.

A aji na ga abin da ban taɓa gani ba a wannan babi: hannuwa a sama. Wata yarinya ta tambaya ko akwai lissafin da zai faɗi zanen da zai fito tun kafin a kunna. Na ce mata wannan tambayar ce ta taso bayan Chladni ya nuna abinsa a gaban Napoleon a Paris, har aka sa gasa a kanta, kuma wadda ta ci kyautar a 1816, a gwajinta na uku, mace ce mai suna Sophie Germain, wadda ta koya wa kanta lissafi a lokacin da ba a karɓar mata a babbar makarantar fasaha ta birnin. Ɓangaren 'yan mata ya kaure da tafi. Na ba su abin da za su iya gwadawa da kansu: in aka ninka kaurin faranti, saurin girgizar da kowane zane ke buƙata ya ninka, in kuma faɗinsa aka ninka, sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

To, in aka tambaye ni ko a je wurin Baba, zan ce a je. Duk abin da ya shafi cikin lasifika a sakar masa, kada a koya masa. Amma a yanko faranti a wani wuri a zo da shi, a faɗi irin amfilifayar da ake so a kuma tsaya a kai, a tambaye shi abin da zai iya lalata aikin domin ba zai faɗa da kansa ba. Abin da na kashe gaba ɗaya, har da naɗin koyil ɗin da ya ƙone, bai kai naira 30,000 ba, ban da kuɗin sintiri.

Makon jiya na kai masa faranti mai da'ira da wata lasifikar, ina son na biyu saboda aji ya yi yawa a kan guda ɗaya. Na tarar ya kafa murfin tukunya a kan wata tsohuwar lasifika a gefen teburinsa, da ɗan yashi a gwangwani, yana nuna wa masu jiran gyara. Ya ce in dawo ranar Alhamis. Na rubuta Alhamis ta sama a littafina.